Gidajen Haya Masu Kaya a Manyan Birane: Bayani ga Matafiyan Dogon Zama daga Shanga, Yauri da Ngaski

An shirya wannan bayani ne domin al'ummar ƙananan hukumomin Shanga, Yauri da Ngaski, da sauran mazauna gaɓar tafkin Kainji, waɗanda wata hidima ko lalura kan kai su babban birni, ta kuma zaunar da su a can na tsawon makonni ko watanni. Daga cikinsu akwai iyalin da suka rako mara lafiya daga Yelwa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko kuwa Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Akwai ma'aikacin da aka tura kwas, ko aka yi wa canjin wurin aiki bai riga ya ɗauko iyalinsa ba. Akwai ɗan kasuwar da ke bin motar albasa ko busasshen kifi zuwa Ibadan, Legas ko Anacha, wanda ba ya juyowa gida sai ya tattara kuɗinsa. Kowane ɗayansu, da zarar ya sauka a tasha, abin da ke fara tarbarsa shi ne batun masauki.

A 'yan shekarun nan wani nau'in masauki ya yaɗu a Abuja, Legas, Kano da Kaduna, wato gida ko sashen gida da aka shirya da cikakkun kayan zama, ake bayar da shi haya ta kwana, ta mako ko ta wata. Masu sana'ar suna kiransa shotlet da Turanci, mu kuwa a nan za mu kira shi gida mai kaya. Masauki ne mai amfani ƙwarai ga wanda ya dace da shi, to amma amfaninsa yana da iyaka, kuma asarar da baƙi kan yi a kansa tana zuwa ne daga rashin sanin wannan iyaka. Domin a gane ta sosai, ya kyautu a fara da tsarin da mutanenmu suka gada.

Yadda aka saba sauke baƙo

Sauke baƙon da zai daɗe tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. Ƙasar Yauri tana kan ɗaya daga cikin hanyoyin da ayarin fatake ke bi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro, inda suke ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Nikki da Zugu, har su dangana da Salaga a arewacin ƙasar Gana ta yau. Tafiya ce ta watanni, kuma a kowane babban zango ayari kan sauke kaya ya dakata, ko don dabbobi su huta, ko don madugu ya daidaita kuɗin fito da masu ƙasa. Hatta Turawan nan biyu 'yan'uwan juna, Richard da John Lander, da suka iso Birnin Yauri a shekarar 1830 suna cigiyar takardun Mungo Park, sun shafe fiye da wata guda a masaukin da Sarkin Yauri ya ba su kafin su koma kan kogi.

Wanda ke riƙe da wannan sana'a shi ne maigida, wanda a wasu wurare ake kira fatoma. Aikinsa ya wuce bayar da ɗaki da tabarma. Shi ke ciyar da baƙo, ya adana masa kaya a inda ɓarawo ko ruwan sama ba za su taɓa ba, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, sa'an nan ya gaya masa wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba. Idan an sayar da kaya bashi, maigida ne ke tsayawa lamuni, in mai saye ya tsere nauyin yana wuyansa. Ba kuɗin ɗaki ne ke riƙe da shi ba, samunsa yana fitowa ne daga la'adar cinikin da baƙonsa ya yi. Da wannan tsari Hausawa suka tafi kudu. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a shekarar 1916, a kan masu gidajen shanu da na goro ta ginu, kamar yadda masanin zamantakewar nan Abner Cohen ya bayyana a littafin da ya wallafa a 1969, bayan ya yi bincike a cikin unguwar. Haka abin yake a Agege, da Sabon Shagamu, da zangon Kumasi.

Abin lura a nan shi ne, tun da yake ribar maigida tana rataye ne da ribar baƙonsa, kuma yana son baƙon ya dawo masa baɗi, buƙatun mutanen biyu a haɗe suke. Mai gida mai kaya na zamani kuwa ɗaki da kayan ɗaki yake bayarwa, ribarsa tana cikin yawan kwanakin da aka biya, kuma sau da yawa baƙo zai shiga ya fita bai taɓa sa shi a ido ba, sai dai yaronsa ko maigadi. Wannan ba laifi ba ne, haka sana'ar take. Sai dai yana nufin abubuwan da baƙo ke samu a hannun maigida ba tare da ya tambaya ba, wato shaidar wanda ya san gari, da lamuni, da amanar ajiya, yanzu shi ne zai nema wa kansa su ta wata hanya: ta lissafi, ta gani da ido, da kuma ta rubutacciyar yarjejeniya.

Ya kamata a ƙara da cewa tsarin maigida bai mutu ba. Mai albasar da ya sauke kaya a kasuwar Mile 12 ta Legas ko Bodija ta Ibadan har yau a hannun maigidansa yake, kuma shi ya fi masa, domin yana buƙatar ya wayi gari kusa da buhunansa da kuma masu riƙe da kuɗinsa. Irin wannan matafiyi in ya kama gida mai kaya a wata unguwa mai nisa, ribar tafiyar zai cinye a banza.

Mene ne gida mai kaya

Galibi falo ne da ɗakin kwana ɗaya, biyu ko uku, da banɗaki da kicin. A ciki akan tarar da gado da katifa da zanen gado, kujeru, labule, talabijin, firji, tukunyar gas, tukwane da kwanuka, fanka ko iyakwandishan. A waɗanda suka fi tsada akan haɗa da mai shara, maigadi, intanet, janareta ko sola, da injin wanki. Mutum da jakar tufafinsa kawai zai shiga. Bambancinsa da otal shi ne akwai wurin girki da sirrin iyali, kuma kuɗin yana sauka idan kwanaki suka yi yawa. Bambancinsa da hayar da aka saba kuwa shi ne ba a biyan shekara, ba a kuma sayen kayan ɗaki.

A Abuja sun fi yawa a Wuse, Maitama, Jabi, Utako da Gwarimpa, masu sauƙin kuɗi kuma a Kubwa da Lugbe. A Legas suna Lekki, Victoria Island, Ikeja da Yaba, a Kano kuwa a unguwar Nassarawa da kewayenta. Gaskiya ita ce waɗannan unguwanni sun fi ƙarfin aljihun mafi yawan manoma da masuntan yankinmu. To amma akwai ƙaramin nau'insa da talaka ke iya kamawa, wato ɗaki ɗaya mai banɗaki, da katifa da fanka, wanda akan samu a unguwannin da ke kewaye da manyan asibitoci da makarantu, ana biya duk wata. Duk abin da za a faɗa a ƙasa ya shafi wannan ƙaramin ɗaki kamar yadda ya shafi babban gida, domin hanyar da ake cutar mai ƙaramin ita ce ake cutar mai babban.

Lissafi kafin zaɓi

Abubuwa biyu ke yanke hukunci: yawan kwanakin da za a yi, da yawan mutanen da za su zauna.

Wanda zai yi kwana uku ko mako guda shi kaɗai, otal ko gidan saukar baƙi ya fi masa. Wanda zai yi shekara ko fiye, hayar da aka saba ta fi masa, duk da nauyinta na farko. Nauyin kuwa sananne ne: a manyan biranenmu akan biya kuɗin shekara guda a dunƙule, a ɗora la'adar dillali wadda bisa al'ada kan kai kashi goma cikin ɗari, a ɗora kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniya, sa'an nan a shiga kasuwa sayen katifa da tukunya. A Legas abin ya taɓa kai ga ana neman kuɗin shekara biyu a gaba, har dokar haya ta jihar ta shekarar 2011 ta haramta karɓar fiye da na shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ko da yake ta ware unguwannin Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island daga hurumin nata. Gida mai kaya wurinsa yana tsakanin waɗannan biyu ne, wato zaman da ya wuce mako biyu amma bai kai rabin shekara ba, musamman in mutane biyu ko uku ne.

Ga misali, kuma alƙaluman da ke ciki na kwatance ne kawai, ba farashin wani gida ba ne. A ce magidanci daga Shanga zai yi jinyar mako shida, wato kwana 42, tare da matarsa da babban ɗansa. A otal ɗaki biyu za su kama. In kowane ɗaki naira 20,000 ne a kwana, kuɗin kwana ya tashi naira 1,680,000. In abincin saye na mutum uku yana cin naira 15,000 a yini, an ƙara naira 630,000. Jimla naira 2,310,000. A ce kuma sun sami gida mai ɗaki biyu a kan naira 900,000 a wata. In mai gidan ya yarda a lissafa kwana 42 daidai, kuɗin ya zama naira 1,260,000. A ɗora naira 100,000 na wuta, da naira 252,000 na cefane tun da uwargida ce za ta girka, jimla naira 1,612,000. An tsira da kusan naira 700,000. Amma in mai gidan ya ce shi wata cikakke yake sani, dole a biya na wata biyu, jimlar ta koma naira 2,152,000, abin da aka tsira da shi bai kai naira 160,000 ba. In kuwa ɗan ne kaɗai ya je wani kwas na kwana 42, otal da abinci naira 1,050,000 za su ci masa, gidan ya fi masa tsada nesa ba kusa ba.

Misalin ya nuna cewa sharaɗi guda, wato yadda za a lissafa ragowar kwanaki, yana iya cinye kusan dukkan ribar. Don haka a tambaye shi tun farko. Haka kuma a sa kuɗin mota a lissafi: gida mai araha a Kubwa ga wanda zai riƙa zuwa tsakiyar Abuja kullum da mara lafiya, araharsa tana iya ƙarewa a hanya. Wani abin da mutanen yankinmu suka fi wasu shi ne guzuri. Iyalin da suka taho da buhun shinkafar gida, da busasshen kifi, da albasa da wake, sun rage babban kaso na cefane, kuma wannan ba ya yiwuwa sai a masaukin da ke da kicin.

Wuta, ruwa da gas

A nan ne saɓani ya fi aukuwa tsakanin baƙo da mai gida. Mutumin gaɓar Kainji, wanda aka tayar da garuruwan iyayensa sa'ad da aka kammala madatsar a shekarar 1968, aka sake wa kimanin mutum 44,000 matsuguni domin a samar wa ƙasa wutar lantarki, yana iya jin wani iri in ya ga abin da wuta ke ci a birni, to amma dole a yi lissafinta. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta aƙalla sa'a 20 a yini, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, kafin a ɗan sassauta shi daga baya. Manyan unguwannin da gidaje masu kaya suka fi yawa, da dama daga cikinsu a wannan rukuni suke. Iyakwandishan matsakaiciya kan ci kusan yunit ɗaya a sa'a guda. In ta kwana tana aiki sa'a takwas kullum, yunit 240 ke nan a wata, wato wajen naira 50,000 a farashin waccan shekara, a ɗaki ɗaya tak. Man janareta shi ma ya yi tsada tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023.

Saboda haka kalmar "wuta ba yankewa" da ake rubutawa a talla ba ta isa ba. A tambaya: kuɗin wuta yana cikin haya ne, ko baƙo ne zai riƙa sa kati a mita? In an ɗauke wuta, sa'a nawa ake kunna janareta, kuma wa ke sayen mai? In sola ce, tana ɗaukar firji da iyakwandishan, ko fitila da fanka kawai? Wannan tambaya ta firji ba ƙarama ba ce ga mai ciwon sukari da ke ajiye allurar insulin. A rubuta adadin yunit ɗin da ke kan mita ranar shiga. A buɗe famfo a ga ruwa na zuwa, a kuma san ko na rijiyar burtsatse ne ko na tanka ake saye.

Ana jan hankalin jama'a da babbar murya game da hayaƙin janareta. Yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma takan kashe mutane cikin barci. Kada a yarda da masaukin da aka ajiye janareta a cikin falo, ko a lungun da ke tsakanin ɗakuna, ko a ƙarƙashin tagar ɗakin kwana. Haka nan tukunyar gas: a duba tiyo da kan tukunyar, in an ji warin gas a rufe, a buɗe tagogi, kada a kunna ashana ko makunnin lantarki.

Kafin a biya ko kwabo

A da maigida ne shaida. Yau tallar gidajen tana zuwa ne ta Facebook, Instagram da WhatsApp, inda kowa ke iya ɗauko hoton gidan wani ya ce nasa ne. Salon 'yan damfara kusan ɗaya ne: hoto mai kyau, farashi ƙasa da na unguwar, da gaggawa, a ce wani na shirin kamawa, a turo kafin alƙalami yanzu. Da kuɗi ya shiga, lamba ta daina shiga. Akwai kuma wanda gidan na nan da gaske, amma an karɓi kuɗin mutum biyu a kansa.

Maganin farko shi ne gani da ido. Ya fi kyau mutum ya kwana biyu a otal ko wurin ɗan'uwa ya je ya duba gidan da kansa, a kan ya biya kuɗin wata tun yana Shanga. In ba hali, a tura wanda aka amince da shi, ya shiga ciki, ya yi magana da maigadi da maƙwabta, ya tabbatar wanda ke tallar yana da mabuɗi da ikon bayarwa. A nan tsohon tsari yana da sauran amfani: a Ibadan unguwar Sabo ba ta da nisa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, a Legas kuma akwai tsohuwar al'ummar Hausawa a Idi-Araba, daura da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas. Fadar Sarkin Hausawa, da limamin unguwa, da 'yan gida mazauna birnin, duk wurare ne da baƙo zai tambaya kafin ya saki kuɗinsa.

Na biyu, a biya ta banki, a asusun da sunansa ya yi daidai da sunan da ke kan yarjejeniya, a kuma karɓi rasit. In kamfani ne, ana iya bincika sunansa a shafin intanet na hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa. Manyan dandalin kama masauki irin su Airbnb, wanda aka kafa a Amurka a 2008, suna riƙe kuɗin baƙo ne ba su miƙa wa mai gida sai bayan an shiga, wanda wani yanki ne na lamunin da maigida ke yi a da. Duk wanda ya ce a bar dandalin a biya shi kai tsaye don a sami ragi, wannan kariya yake neman cirewa. Wanda aka damfara ya sanar da bankinsa nan take, ya kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. Wanda kuwa aka ba abin da ya saɓa wa talla yana iya kai koke ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda aka kafa bisa dokar shekarar 2018.

Takardar yarjejeniya

Mutanenmu da yawa suna jin nauyin neman a rubuta, suna ganin kamar nuna rashin yarda ne. A birnin da ba a san juna ba, takarda ita ce shaida, kuma mai gidan kirki shi ma ya fi son ta. Ko shafi ɗaya ne, ta ƙunshi cikakken sunan ɓangarorin biyu da adireshin gidan, ranar shiga da ranar fita, kuɗin da abin da ya ƙunsa, yawan mutanen da aka yarda su kwana, da abin da zai faru in aka ƙara kwanaki ko aka rage. Wannan na ƙarshe ya fi shafar masu jinya, domin likita ne ke yanke ranar tafiya: injin asibiti yana iya lalacewa a ɗage magani, ana iya sallama da wuri, ana kuma iya rasuwa. A nemi a rubuta cewa in an tashi kafin wa'adi za a mayar da kuɗin kwanakin da suka rage, ko wani kaso nasu, kuma in an ƙara kwanaki farashin bai canza ba.

Sai kuɗin ajiya na ɓarna, wanda ake karɓa a farko da sharaɗin mayarwa in ba a lalata komai ba. Shi ne kuɗin da ya fi maƙalewa. Hanyar tsare shi ita ce a zaga gidan tare da wakilin mai gida ranar shiga, a rubuta duk kayan da ke ciki da halin da suke, a ɗauki hotonsu da waya, kowa ya sa hannu. Kujerar da aka tarar a yage, in ba a rubuta ba, ta zama laifin baƙo. A kuma rubuta ranar da za a mayar da kuɗin.

Ta fuskar doka, akwai bambancin da ya kamata a sani. Cikakken ɗan haya yana da haƙƙin sanarwa kafin a tashe shi. A Babban Birnin Tarayya, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biyan mako yana da mako guda, mai biyan wata yana da wata guda, mai biyan shekara yana da wata shida, kuma ta hannun kotu ake fitar da wanda ya ƙi tashi. To amma masu gidaje masu kaya sukan tsara takardarsu ta yadda baƙo zai zama mai izinin zama na ƙayyadadden lokaci kawai, wanda kariyarsa ba ta kai ta ɗan haya ba. Don haka abin da aka rubuta shi ne abin dogaro. Har ila yau ƙa'idojin sun bambanta daga jiha zuwa jiha, domin a shekarar 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar da ke tsakanin gwamnatin tarayya da jihar Legas, cewa jihohi ne ke da hurumin rajista da sa ido a kan otal-otal da makamantansu. In kuɗin da za a biya mai yawa ne, abin da lauya zai karɓa ya karanta takardar bai kai asarar da zai hana ba.

Masu jinya da iyali

Mai gashin cutar daji yakan je asibiti kwana biyar a mako har tsawon makonni, mai wankin ƙoda kuwa sau biyu ko uku a mako. Ba tafiyar da za a riƙa yi daga Yelwa ko Wara ba ce, don haka kusanci da asibiti ya fi kyawun kujeru. A nemi ɗakin ƙasa, domin bene mai hawa uku azaba ne ga wanda ya fito daga tiyata. A duba banɗaki, a ga ko mara lafiya zai iya amfani da shi. A tabbatar ana samun abin hawa da dare, a kuma san sa'ar da ake rufe ƙofar unguwa, domin rukunin gidaje da yawa suna hana shiga da fita bayan wani lokaci. Kafin a kama ko'ina, a fara tambayar sashen jin daɗin jama'a na asibitin ko akwai wani tanadi da aka yi wa masu jinya.

Ga wanda ya taho da mata da yara akwai ƙarin tambaya. Wasu daga cikin waɗannan gidaje, musamman a Legas da Abuja, ana kama su ne don shagalin dare, kuma magidanci ba zai so ya tarar da hakan a maƙwabcin ɗakin iyalinsa ba. Maigadi ya san gaskiyar lamarin, a tambaye shi. A tambayi kuma ƙa'idar baƙi, domin al'adarmu ta dubiya tana kawo mutane da yawa, wasu su kwana, alhali yawancin masu gidajen sun ƙayyade adadi, suna kuma cajin ƙari.

Masu fita ƙasashen waje neman magani ko karatu za su tarar da irin wannan masauki a can. A Alƙahira da biranen Saudiyya ana kiransa shaƙƙa mafrusha. A Indiya doka ta wajabta wa duk mai sauke baƙon ƙasar waje ya sanar da hukumar shige da fice ta wata takarda ta musamman, don haka a tabbatar mai gidan ya cika ta, domin rashinta kan kawo cikas wajen sabunta biza. Ko'ina ne, kada a bar fasfo a hannun mai gida ko dillali. Kwafinsa ya isa.

Ranar fita, a sanar da mai gida tun kwanaki kafin ta zo, a sake zaga gidan tare da wakilinsa da rana, da takardar kayan nan a hannu, a karanta mita, a miƙa mabuɗi, a karɓi rubutacciyar shaidar cewa an bar komai lafiya. In da hali a karɓi kuɗin ajiya kafin a shiga mota, domin bin sa ta waya daga Shanga aiki ne mai wuya.